Motar da Idirisu Ya Ce Za Ta Kai Kudu

A faɗin Jigawa, tun daga ranar da aka yanko ta daga Kano har zuwa shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ba a yi mutumin da ya san mota kamar Idirisu Direba ba. Shi kansa bai taɓa musa wannan magana ba. Gaskiya ne bai taɓa mallakar mota ba, kuma da keke yake zuwa aiki daga unguwar Yalwawa, amma wannan ƙaramar magana ce.

A wata ruga aka haife shi, gabas da Jahun. Kowace kaka, da zarar an kwashe amfanin gona, mahaifinsa yakan sauka da shanunsa a gonar wani manomi. Shanu su ci kara su bar taki, manomin ya ba da dammunan gero, kowa ya gode wa Allah. Haka kakanninsu ma suka yi. Manomin yana da ɗa sa'an Idirisu, sunansa Muntaka, kuma a ƙwarya ɗaya yaran biyu suka sha fura har suka yi gemu. Muntaka yana kiransa Fillo, shi kuma yana kiran Muntaka Kaɗo, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Mahaifin Idirisu shi ake kira zuwa kara, wato kasuwar shanu, idan babban mutum zai sayi saniya. Yakan buɗe bakinta ya ga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, sannan ya kara kunne a haƙarƙarinta ya yi shiru. Hukuncinsa uku ne kawai. Ko ya ce za ta kai Kudu, wato za ta jure doguwar tafiyar rani ta dawo. Ko ya ce za ta kai kasuwa. Ko ya ce ta mahauta ce. Idan aka sallama, sai ya tsaga mata kunne sau biyu da wuƙa, a bar ta a garken mai sayarwa har mai saye ya shirya. Ko wata guda ta yi a can, amana ce. Saniyar da ka gani ita za ka kora.

Fari ya cinye garken. Idirisu ya shiga Kano, ya yi karen mota, ya koyi tuƙi, ya samu aikin gwamnati. Da aka ƙirƙiro sabuwar jiha a 1991, aka loda shi da fayiloli da kujeru aka turo Dutse.

Dutsen wancan lokaci ta cika da mutanen da suka kwana mataimaka suka wayi gari daraktoci. Darakta kuwa ba ya zuwa ɗaurin aure a motar haya. Sai motocin Kwatano suka fara kwararowa, waɗanda Turawa suka hau suka gaji, aka wanke aka shafa musu mai. Wasu lafiyayyu, wasu kuwa gawa ce aka sa wa kwalli. Duk mai son ya bambance, sai ya aika a kira Idirisu.

Yadda mahaifinsa yake yi, haka yake yi. Ya zagaya mota sau biyu hannunsa a baya. Ya durƙusa ya shinshina hayaƙin salansa. Ya dangwali baƙin mai ya murza a yatsa. Daga nan ya sa a tayar, ya ɗora bakin sandarsa a kan inji, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya lumshe ido. Duk wanda ya yi tari a lokacin sai an harare shi. Hukuncin ma bai sauya ba: za ta kai Kudu, za ta kai kasuwa, ko ta mahauta ce. Ba ya karɓar komai sai goro. Abin da ya mallaka a duniya bai wuce keken nan ba, da gida mai ɗaki biyu, da maganarsa. A cikin ukun, maganar ce kaɗai ba ta taɓa faci ba.

Yana da ra'ayi a kan sabuwar mota, kuma ba ya jira a tambaye shi.

"Sabuwar mota maraƙi ce," in ji shi. "Kyan gani, amma wa ya san abin da za ta zama? Wadda ta yi shekara shida a hanya kuwa ta riga ta faɗi halinta. Sai dai in ba ka da kunnen ji."

Shekara tara yana tuƙa wani darakta mai suna Alhaji Saifuddeen, mutum mai fara'a da son farin yadi. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka ƙara wa Alhaji girma, ya ga lokaci ya yi da zai mallaki babbar mota tasa ta kansa. Daga wani kwas da ya je Ingila ya dawo da mujallar motoci. A cikinta Turawa sun jera motoci layi-layi, kowace da taurarinta: mai biyar ba ta lalacewa, mai ɗaya kuwa sai addu'a. Wata rana suna hanyar komawa gida ya miƙo ta daga kujerar baya.

"Malam Idi, dubi nan. Wannan sabuwar tauraro biyar suka ba ta. Akwai ta a Kano, da ledarta a kujera."

Idirisu ya saci kallon shafin, ya mayar da ido kan hanya.

"Ranka ya daɗe, su masu taurarin, sun taɓa bin hanyar Jahun da damina?"

"Ina fa."

"Sun taɓa shan man bumburutu?"

Alhaji ya yi dariya. "To kai me ka gani?"

"Akwai wata baƙa ƙirar Jamus da ta sauka wurin Muntaka shekaranjiya. Na ji ta daga nesa tana shigowa gari. A ba ni yini ɗaya da ita."

Muntaka a lokacin ya daɗe da barin noma. Yana sayar da motocin Kwatano a ƙarƙashin wasu bishiyoyin darbejiya a bakin titi, ya yi tumbi, ya je Makka. Shi kansa yana hawan wata tsohuwar mota irin ƙirar baƙar nan, kamar a ce kakarta, wadda tun shekara biyu da suka wuce Idirisu ya yanke mata hukuncin mahauta. Tana da wani tari da take yi sau biyu kafin ta tashi, wanda duk unguwar ta sani.

Ranar Laraba Idirisu ya ba baƙar motar yininta. Ya shinshina, ya murza, ya kara sanda. Ya kai ta Jahun ya dawo, Muntaka a gefensa yana ɓare gyaɗa. A hanya ya kashe rediyo, ya hana Muntaka magana. Injin yana tafiya sumul, numfashinsa ɗaya tun daga tashi har sauka, ko a yashi bai sauya murya ba. Idirisu ya ji wani daɗi irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, ranar da mahaifinsa ya sayo wata farar saniya daga Maigatari.

Da yamma Alhaji ya zo da abokansa biyu. Idirisu ya bari sai da kowa ya yi shiru.

"Za ta kai Kudu," ya ce. "Ta dawo, ta sake komawa."

A shekara tara, sau huɗu kawai aka taɓa jin ya faɗi haka. Alhaji ya naɗe mujallarsa ya cusa a aljihu. Aka yi ciniki, Muntaka ya ce ya sallama, aka tafa.

"Sai dai a bar mini ita kwana goma," in ji Muntaka. "In sa a goge ta, a yi mata lamba. Motar Yallaɓai ba ta fita da ƙura."

Dama Alhaji zai tafi taro Abuja, kuma Idirisu ne zai kai shi. Ba wanda ya ga aibu. Idirisu ya zaro 'yar wuƙarsa, ya ɗaga murfin inji, ya yi tsaga biyu ƙanana a gefen murfin daga ciki.

Muntaka ya kwashe da dariya. "Fillo ba ya barin hali! Yallaɓai, ka ga ya tsaga mata kunne."

"Kaɗo, kai dai ka ba ta ruwa ka ɗaure ta a inuwa."

Sun dawo daga Abuja ranar Juma'a, suka tarar an kai motar gidan Alhaji tana ƙyalli. Washegari akwai ɗaurin aure a Jahun. Alhaji ya ce wa Idirisu ya huta, yau shi zai ja abarsa da hannunsa. Ya ɗauki daraktoci uku, kowa da babbar riga ta sha sitaci.

An wuce Kiyawa da kaɗan motar ta fara hayaƙi. Ta yi ƙara, ta yi shiru. Daraktoci uku suka naɗe hannun riga suka tura, Alhaji yana riƙe da sitiyari yana salati. Ƙarshe wata akori-kura mai ɗauke da awaki ta kwashe su. Sun isa Jahun an shafa fatiha, an raba goro, kuma duk wanda ya kamata ya gan su ya gan su suna sauka.

Ranar Litinin aka kira Idirisu gidan Alhaji, inda aka jawo motar aka ajiye. Wani makaniki ya riga ya taɓa ta yadda za ta iya tashi. Idirisu ya murza makulli. Motar ta yi tari sau biyu.

Bai ko ɗauko sandarsa ba. Ya fito a hankali ya rufe ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce?" Alhaji ya ɗaga murfin da kansa, ya nuna da yatsa. "Wannan tsagar wa ya yi ta? Ni?"

"Ni na yi."

"To?"

"Jikin nata ne. Injin ba nata ba ne. Wannan injin Muntaka ne, na san tarinsa."

"Malam Idi," in ji Alhaji, muryarsa a ƙasa, "na ajiye maganar Turawa da taurarinsu biyar na ɗauki taka. Na sauko daga motar awaki a gaban mutanen Jahun. Idan ka yi kuskure ka ce ka yi kuskure. Kada ka ɗora wa bawan Allah."

Idirisu ya hau kekensa ya nufi darbejiya. Ya tarar da Muntaka a kan benci yana shan rake.

"Kaɗo, tayar mini da motarka in ji."

"Ba sallama, ba gaisuwa?"

"Tayar da ita."

Muntaka ya tofar da ɓawon rake, ya miƙe ba gaggawa, ya zura hannu ta taga ya murza. Tsohuwar ta tashi bugu ɗaya. Babu tari. Daga cikin ruɓaɓɓen jikin nan sai ga numfashin da Idirisu ya saurara tun daga Dutse har Jahun.

"Gyara na yi mata," in ji Muntaka.

"Ka ji tsoron Allah."

"Fillo, zauna mu yi magana ta hankali. Ka yi wa mota alama ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"Alamar tana nan?"

"Tana nan."

"To abin da ka yi wa alama shi na kai. Me kuma kake nema?"

"Amana na bar maka. A garkenka na bar ta. Ubana ya bar saniya wata biyu a gonar ubanka, ko gashinta ba a taɓa ba."

"Allah ya jiƙansu duka," in ji Muntaka, ya ɗauki wani raken. "Amma saniya ai ba ta da murfi."

A hanyar gida ne abin ya gama sauka a zuciyar Idirisu. Duk Dutse ba wanda zai iya yi masa haka sai mutum ɗaya. Baƙon dillali zai ji tsoro, ya ɗauka an rubuta wani abu, an auna wani abu. Muntaka kaɗai ya san inda zai yi alama da inda ba zai yi ba, domin yana tsaye a kara, yana yaro, lokacin da ake tsaga kunnen shanu. Da abin da ya koya a rugarsu ya yanke shi.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. A sakatariya masinjoji suka sa masa suna Kudu. Idan keken wani ya yi faci sai a ce a kai wa Kudu ya saurara. Wani mataimakin darakta da ya yi alkawarin kiransa duba mota ya wuce shi a baranda yana duba agogo. Matarsa Hindatu ta ce ya bar wa Allah.

"Malam, ba motarka ba, ba kuɗinka ba. Me aka ci maka?"

Lokacin kuwa ko'ina ana maganar shari'a, ana cewa yanzu mai gaskiya zai ga gaskiyarsa ko da ba shi da kowa. Idirisu ya sa farar rigarsa ya tafi kotu.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya saurare shi har ƙarshe.

"Kai ne mai saye?"

"A'a, Allah ya gafarta Malam."

"Kai ne mai sayarwa?"

"A'a."

"Dillali ne kai, an hana ka la'ada?"

"Goro kawai nake karɓa, kuma an ba ni."

"To me aka ɗauka naka?"

"Maganata, Allah ya gafarta Malam. Na ce za ta kai Kudu."

Wani a bayan kotu ya yi dariya, aka tsawata masa. Alƙali ya gyara tabarau.

"Akwai wanda ya ga an sauya injin?"

"Babu. Amma a kawo motocin biyu a tayar, kowa zai ji."

"Malam Idirisu, ni in an tayar da mota, abin da nake ji shi ne an tayar da mota. Amma kowane inji yana da lamba a jikinsa, kuma lambar tana cikin takardun kwastan. Ka rubuta ta ranar da ka duba?"

Idirisu ya girgiza kai. Ya san da lambar. Shekara ashirin yana ganinta, yana ɗaukarta wani abu da aka tanada domin marasa kunne.

"Ba komai," in ji alƙali. "Takardun suna hannun mai saye. Ya zo da su ya yi ƙara da kansa, mu buɗe motocin biyu mu karanta. In maganarka gaskiya ce, kafin azahar an gama."

Idirisu ya fito daga kotu da sauri har yana mance takalminsa. Rabonsa da gidan Alhaji mako uku ke nan, domin an ce ya ɗan dakata da tuƙa shi. Da ya shiga, baƙar motar ba ta nan. A gurbinta ga wata sabuwa fil, ruwan toka, kujerunta cikin leda. Alhaji yana zagaya ta da mujallarsa a hannu.

"A'a, Malam Idi! Zo ka gani. Tauraro biyar."

Idirisu ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da alƙali ya ce. Takardun kawai ake so, da Alhaji ya taka zuwa kotu na rabin sa'a.

"Wace kotu kuma? Ai an gama wannan magana. Alhaji Muntaka ya zo da kansa ya karɓi motarsa da takardunta, ko gardama bai yi ba. Shi ya je Kano ma ya zaɓo mini wannan. Mutumin kirki ne, wallahi."

"Takardun suna wurinsa?"

"Ai kayansa ne." Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Kuma ka gode masa. Da na so in yi fushi da kai, shi ya ba ni haƙuri. Ya ce tare kuka tashi, bai taɓa saninka da ha'inci ba. Ya ce shekaru ne kawai, kunne ma yana gajiya."

Idirisu ya miƙe tsaye. Ya yi wa sabuwar mota addu'ar Allah ya tsare, domin haka ake yi, ya ja kekensa ya fita.

A watan da ya biyo baya aka mayar da shi tankar ruwa. Aikin ba laifi, tanka ba ta zuwa ɗaurin aure. Muntaka bai daina gaishe shi ba. Duk inda suka haɗu a titi sai ya danna ham ya ɗaga hannu ya ce, "Fillo, ina gajiya!" Idirisu yakan ɗaga nasa hannun, saboda mutane suna kallo.

Bayan wata biyu, yana tsaye yana ba wata makaranta ruwa, ya ji numfashin nan yana tahowa daga bayansa. Ya juya. Baƙar motar ce, jikinta da injinta sun sake haɗuwa, wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Alhaji Yahuza yana ciki. Da yamma kuma tsohuwar motar Muntaka ta wuce ta Yalwawa, ya ji ta mutu a kwanar titi, ta yi tari sau biyu kafin ta tashi.

Alhaji Yahuza ya hau motar nan shekara tara. Ya je Legas da ita ya fi a ƙirga, ya je Fatakwal sau biyu, ban da taya da birki ba abin da ya taɓa sauya mata. Duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarinta: yadda ta kunyata manya a hanyar Jahun, yadda wani direba ya saurare ta yini guda bai gano ciwonta ba, da yadda Alhaji Muntaka ya gano shi ya gyara cikin kwana uku.

Tun daga lokacin, duk wanda zai sayi mota a Dutse wurin Muntaka yake kai ta a duba masa.